Kiran Waya Daga Ƙetare: Inda Kati Ke Tafiya Da Yadda Ake Tsimin Sa

A lokacin aikin Hajji, da an idar da sallar Magariba, gidaje da dama a Kurfi da Dutsin-Ma kan koma zaman jiran waya. Ana ɗora ta bisa tabarma a tsakar gida, a ƙure mata murya, manya da yara su kewaye ta. Can sai ta yi ƙara da lambar da ta fara da +966. “Salamu alaikum, kuna jina?” “Muna jinki, Hajiya. Ya ibada? Ya zafin Makka?” Kafin a gama gaisawa da kowa, a tambayi jikin Baba, a ji ko ruwa ya sauka, sai layi ya ɗauke. Washegari labari ya iso ta bakin wata abokiyar tafiya cewa katin da aka loda wa Hajiya don ya kai ta wata guda ya ƙare a kira biyu.

Wannan kuka ya wuce na alhazai kaɗai. Malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke ƙaro karatu a Malesiya ko Indiya suna yin sa, haka ɗaliban da gwamnatin Jihar Katsina ta tura Masar da Sin, haka 'yan kasuwar da ke saro kaya a Dubai da Guangzhou, da matasan da ci-rani ya kai Aljeriya da Libiya. Waɗanda suka fi kowa yin sa kuwa su ne masu dangi a Maraɗi da Tasawa da Damagaram, waɗanda ba su ma ɗauki kansu a matsayin masu kiran ƙasar waje ba. Gaisuwar Bahaushe ba a yin ta a gurguje. Minti biyu sukan tafi kafin a taɓo abin da ya sa aka kira. Saboda haka farashin da ake lissafawa da minti yana yi wa mutanen nan ciwo fiye da yadda masu tsara shi suka zata. Mafi yawan asarar kuma ana iya kauce mata, in an san hanyar da kira ke bi.

1. Inda kuɗin ke tafiya

Kiran da aka yi daga Kurfi zuwa Legas bai fita daga hannun kamfanonin Nijeriya ba, kuma farashinsa yana ƙarƙashin idon Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Wanda ya tsallaka iyaka kuwa hannu da yawa ke karɓar sa. Kamfanin gida yana miƙa shi ga wani kamfani mai jigilar kira tsakanin ƙasashe, wani lokaci shi ma ya miƙa wa wani, kafin ya isa ga kamfanin da mai amsawa ke kansa. Kamar dai sa ne a kasuwar dabbobi da ya bi ta hannun dillalai uku: kowa sai ya cire la'adarsa, mai saye ne kuma ke biya.

La'ada mafi nauyi ita ce ta ƙarshe, wato kuɗin da kamfanin ƙasar da aka kira ke karɓa don ya sauke kiran a wayar mutuminsa. Da dala ake lissafa wannan kuɗi. A Nijeriya, tun daga Satumban 2022, NCC ta tsayar da shi a kan santi 10 na dalar Amurka a kowane minti. Ƙasashen Afirka da yawa sun mai da kiran da ke shigowa daga waje wata hanyar samun kuɗin shiga, suna ɗora masa haraji. Amurka da Kanada da Indiya da Sin kuwa kuɗin saukewarsu ƙanƙane ne. Wannan ne ya sa wanda ya duba jadawalin farashin kamfanoninmu zai tarar sau da yawa kiran Amurka ya fi kiran Nijar ko Chadi araha nesa ba kusa ba. Nisa ba shi da tasiri a lissafin.

Sai kuma darajar naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ake biya da dala ya ninka tare da ita, har da minti ɗaya na magana da ɗan'uwa a Jidda. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Wanda ya yi Hajji shekara biyar da suka wuce, ya tuna nawa ya kashe a waya, ya ba maniyyacin bana shawara da wancan lissafin, ya ɓatar da shi ba da niyya ba.

2. Tafiya da layin gida

Abu mafi sauƙi ga matafiyi shi ne ya bar layinsa na MTN ko Airtel ko Glo a cikin waya. Da jirgi ya sauka, layin zai hau sabis ɗin wani kamfani na can wanda ke da yarjejeniya da na gida. Wannan shi ake kira romin. Lambar ba ta canzawa, kowa na iya samun mutum, kuma a nan ne tarkon yake.

A gida, mai kira ne kawai ke biya. A romin, mai amsawa ma yana biya. Wanda ya kira daga Dutsin-Ma ana cire masa kuɗin kiran cikin gida ne, domin lambar Nijeriya ya danna. Kuɗin ɗaukar kiran daga Nijeriya zuwa Saudiyya yana kan matafiyin. Don haka duk ɗan'uwan da ya bugo don ya ce “a yi mana addu'a a Ka'aba” yana zaftare guzurin alhaji bai sani ba. Mutane da yawa suna cewa “an cinye mani kati ban kira kowa ba”, kuma gaskiya suka faɗa: ba su kira ba, amsawa suka yi.

Data ta fi wannan muni. Babbar waya ba ta jiran izini kafin ta shiga intanet. Tana sabunta manhajoji, tana sauke hotuna da bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp, tana ajiye hotunan da aka ɗauka a ma'ajiyar intanet, duk tana cikin aljihu. A farashin romin, wannan aikin ɓoye yana iya share dubban naira kafin mutum ya karɓi jakarsa a filin jirgi. Akwai maɓalli guda a saitin kowace waya da ke hana data aiki a romin, kuma a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ya kamata a kashe shi, tun kafin a hau matakala.

Duk da haka layin gida yana da amfanin da babu mai maye gurbinsa. Ta kansa alat ɗin banki ke shigowa, da lambar tabbatarwa da ake turowa idan za a tura kuɗi, kuma karɓar rubutaccen saƙo a romin galibi kyauta ne. Kamfanoni kan fitar da tsari na musamman a lokacin Hajji da Umara mai rangwame. Yana da kyau, in an yi tambayoyi uku kafin saye: kwana nawa yake yi, da wane kamfanin Saudiyya yake aiki, kuma ya haɗa da amsa kira ko bai haɗa ba. Lambar 300 tana kai mutum ga masu kula da abokan hulɗa a kowane layi, *310# kuma tana nuna abin da ya rage. Matambayi ba ya ɓata.

3. Layin ƙasar da aka sauka

Ga wanda zai wuce mako guda, sayen layin ƙasar da ya je shi ne tushen tsimi. A Saudiyya manyan kamfanoni uku ne, STC da Mobily da Zain, kuma suna da rumfuna a filayen jirgin Jidda da Madina da kewayen masallatan biyu. Ana rajista da fasfo da biza da hoton yatsa. A Nijar akwai Airtel da Moov da Zamani, wanda a da shi ne Orange, da Niger Telecoms. Da layin gari, kiran abokin tafiya da ya ɓace a Mina ko direban da zai ɗauko kaya a kasuwar Maraɗi ya zama kiran cikin gida, amsa kira kuma ba a biyan komai.

Layin da wani ya miƙo a bakin titi yana cewa an riga an yi masa rajista, gara a bar shi. Da sunan wani aka yi, ana iya rufe shi kowane lokaci da kuɗin mutum a ciki, kuma idan an taɓa aikata laifi da shi, wanda aka same shi a hannunsa ne zai yi bayani a ƙasar da bai iya harshenta ba. Araha ba ta ado.

A nan mutanenmu suna da wata sa'a da Turawa da yawa ba su da ita. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika hannun jama'a kusan duk masu layi biyu ne. Sai a bar na gida a gurbi ɗaya don saƙon banki, a sa na baƙuwar ƙasa a ɗayan, sannan a shiga saiti a tabbatar kira da data duka suna fita ta sabon layin. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan mantawa, sai a sayi layin Saudiyya amma waya ta ci gaba da shan data daga na Nijeriya. Masu tsadaddun wayoyi na hannu da aka shigo da su daga Amurka ko Ingila su kuma su gwada sa wani layi tun a gida, domin wasu a kulle suke ga kamfani ɗaya. Sababbin wayoyi suna karɓar layin da ba shi da kati, eSIM, wanda ake saya ta intanet tun kafin tafiya. Yana da sauƙi, amma yawancinsa data ce kawai babu lambar kira, kuma da katin banki mai biyan dala ake sayen sa.

Ƙananan abubuwa biyu suna hana kira tafiya fiye da yadda ake zato. Na farko, yadda aka ajiye lamba. Lambar da ta fara da 080 ko 070 ba ta da ma'ana ga layin Saudiyya. Sai an cire sifirin farko an sa +234. Ta Nijar +227 ce, sannan lambobi takwas. Na biyu, caja. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Nijeriya, na Nijar kuwa mai zagayayyen baki biyu ne irin na Faransa.

4. Magana ta intanet

Tun da WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, da na bidiyo a 2016, lissafin kiran ƙetare ya sauya gaba ɗaya. Muryar ba ta bi ta hannun waɗancan kamfanoni masu karɓar kuɗin saukewa. Tana tafiya ne a matsayin data, kuma data ba ta tambayar ƙasar da za ta. Minti ɗaya na kiran murya bai kai megabait ɗaya ba. Ma'ana, gigabait guda ya ishi mutum ya yi sa'o'i masu yawa yana magana. Bidiyo ne ke ci, yana shan ninkin wannan sau da dama, shi ya sa ya dace a ajiye shi sai an samu waifai na masauki.

Akwai kuskuren da ake yi da zarar an sa sabon layi. WhatsApp ba ya bukatar a canza masa lamba. Yana ci gaba da aiki da lambar Nijeriya ko da datar ta Saudiyya ce ko ta Masar. Wanda ya mai da shi kan lambar baƙuwar ƙasa zai dawo gida ya bar asusunsa a kan layin da zai mutu bayan 'yan watanni, a sayar wa wani.

Saƙon murya, a ganina, shi ne abu mafi dacewa da mutanenmu cikin duk abin da fasahar ta kawo. Ba ya bukatar iya karatu ko rubutu. Ba ya bukatar mutum biyu su samu sabis a lokaci ɗaya. Yana jira har sabis ya zo ya wuce. Tsohuwa tana iya yin gaisuwarta cikakkiya, ta ambaci jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ba tare da fargabar kati ba, a kuma saurara sau goma a gida. Iyayen da suka ga zamanin da mazauna Makka ke ɗaukar murya a kaset su ba alhazai su kawo wa dangi ba sa bukatar dogon bayani a kan amfaninsa. A ranakun Mina da Arfa, lokacin da mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi ke cunkushe a wuri guda kowa riƙe da waya, saƙon murya yana samun hanyar fita a inda kira ke yankewa.

Sai dai kowace ƙasa da dokarta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, kiran WhatsApp a toshe yake, ko da yake rubutu da saƙon murya suna tafiya. Manhajar Botim ce hukuma ta amince da ita. Saudiyya ta sassauta haramcin kiran intanet a Satumban 2017, amma kiran WhatsApp ya ci gaba da ƙin tafiya ga mutane da yawa shekaru bayan haka, abin da ya sa IMO ta samu karɓuwa tsakanin baƙi mazauna ƙasar. A Sin WhatsApp da Facebook da Google duk a rufe suke, WeChat ake amfani da ita. Abin da wannan ke nufi shi ne a sauke manhajar da ta dace a wayar matafiyi da ta mutanen gida tun ana tare, a gwada ta a ɗaki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matasa za su ce ai akwai VPN da ke buɗe abin da aka toshe. Akwai, amma a wasu ƙasashen amfani da ita ta wannan hanya yana iya haɗa baƙo da hukuma, kuma yawancin na kyauta ba a san wanda ke ganin abin da ke bi ta cikinsu ba.

Akwai kuma manhajoji irin su Rebtel da Viber da ke ba mutum damar kiran lambar waya ta yau da kullum ta intanet, a farashin da ya gaza na romin. Skype, wadda ta yi suna a wannan fanni, an rufe ta a Mayun 2025. Amfanin irin waɗannan yana ga wanda iyayensa ke ƙauye da ƙaramar waya mai madannai.

5. Ɗaya bakin zaren yana gida

Shawarwarin da ake bayarwa a kan kiran ƙetare kusan duk suna kallon matafiyi ne, kamar wanda ake kira yana zaune a birni da wuta da data. A ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ba haka abin yake ba. Kiran intanet yana bukatar babbar waya da data da sabis mai ƙarfi a ɓangarori biyu. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ko an tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin sanda biyu su fito a fuskar waya. Akwai gidajen da sai an kai waya shagon mai caji a biya kafin ta kunnu. Ɗan da ke Jidda yana iya samun waifai kyauta, amma idan mahaifiyarsa ba ta da babbar waya, dole ya koma kiran layi, ya biya waccan santi goman da ribar kowa a kai.

Mutanen wannan yanki sun san darajar layi fiye da yawancin 'yan Nijeriya. A Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki, tare da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da sauransu. Sai a Disamba aka fara maido da ita. A waɗannan watanni mutane sun riƙa hawa mota zuwa inda sabis yake don kawai su kira ɗa ko miji, masu dangi a waje kuma sun kwana suna danna lambar da ba ta shiga, alhali labaran da suke ji daga gida ba masu kwantar da hankali ba ne.

Abin da ya fi aiki shi ne iyali su tsayar da mutum ɗaya mai babbar waya a matsayin ƙofar gida. Shi za a loda wa data, shi matafiyi zai riƙa nema, shi zai kai waya ɗakin tsofaffi. A kuma sa lokaci. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai. Nijar agogonmu ɗaya. Sauran dangi a gaya masu su daina kiran lambar gida ta matafiyi, su ba da saƙonsu ta hannun wancan mutum. Wannan ba yanke zumunci ba ne. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma tattaki zuwa gidan da wayar take ya fi kiran da zai bar tsoho ba kati a ranar da ya ɓata a hanyar jifa.

A kuma rubuta lambobi a takarda. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibai 'yan Nijeriya da yawa, ciki har da 'yan Arewa masu tarin yawa, sun yi kwanaki a hanyar iyakar Masar cikin ƙarancin caji da sabis. A irin wannan hali wayar maƙwabci ce ke ceto, kuma ba ta da amfani ga wanda bai haddace lambar kowa ba.

Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina tana shirya bita ga maniyyata a ƙananan hukumomi kowace shekara, ana koya masu ɗaura harami da ɗawafi da yadda za su tsare guzuri. Ya kamata a ware zama ɗaya cikakke don waya: a karɓi wayar kowane maniyyaci a kashe masa datar romin, a gyara masa lambobi, a rubuta masa lambar jami'in tawaga a kati. Yanzu da Saudiyya ta ɗora harkokin alhazai da yawa a kan tsarin Nusuk, waya ta shiga cikin kayan aikin Hajji, kuma yawancin maniyyatan karkara dattawa ne da 'ya'yansu ke danna masu ita a gida.

6. Layin da aka bari, da masu haƙo

Wanda zai daɗe a waje yana da wata damuwa. Layin Nijeriya da aka bari wata shida ba a yi komai da shi ba ana dakatar da shi, idan ya kai wajen shekara kamfani na iya sayar da lambar ga wani. Wannan lamba kuwa tana ɗaure da lambar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN. Ɗalibi yana iya dawowa bayan shekara biyu ya tarar wani baƙo ne ke karɓar alat ɗin asusunsa. Loda ɗan kati da tura saƙo ɗaya lokaci-lokaci yana hana wannan, kamfanoni kuma suna da tsarin ajiye lamba da ake biya kafin tafiya.

'Yan damfara sun san gidan da ke da mutum a waje gida ne mai jiran kira. Akwai masu yin filashin da lambar wata ƙasa, wanda ya bi kira sai a haɗa shi da layi mai tsada da ke zuƙe kati. Akwai masu bugowa su ce su jami'an tawaga ne, Alhaji ya kwanta asibiti, a turo kuɗi yanzu. Akwai masu cewa an tura wata lamba mai alƙaluma shida bisa kuskure, a karanto masu. Wanda ya karanta ya miƙa WhatsApp ɗinsa, daga nan sai su bi danginsa ɗaya bayan ɗaya suna roƙon kuɗi da sunansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kunna lambar sirri ta biyu a WhatsApp, da yarjejeniyar cewa ba a tura kuɗi sai an ji muryar mutum da kansa, suna toshe mafi yawan waɗannan ƙofofi. Wanda kamfani ya cire wa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba kuma, ya kai kuka ba a share masa hawaye ba, yana iya kiran 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta.

7. Daga Jibiya zuwa Maraɗi

Duk abin da aka faɗa a sama dabara ce ta mutum ɗaya. Akwai ɓangaren da dabara ba ta isa, kuma a iyakar Katsina da Nijar ya fi fitowa fili. Sarautar Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau mai riƙe da ita Sarkin Katsina ake ce masa. Aure da kasuwa da karatun allo ba su taɓa tsayawa a kan iyakar Magama ba. Amma mutumin Kurfi da ya kira ƙanwarsa da ke aure a Ɗan Isa, a tsallaken iyaka, yana biyan ninkin abin da zai biya idan ya kira Fatakwal. A garuruwan bakin iyaka kuma waya takan kama sabis ɗin ɗaya ƙasar da kanta, a riƙa cire wa mutum kuɗin romin yana zaune a ƙofar gidansa. Maganin wannan a saiti yake, a zaɓi kamfani da hannu maimakon a bar waya ta zaɓa. 'Yan kasuwar hanyar sun daɗe da sabawa da riƙe layi biyu, na naira da na sefa.

An taɓa nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. A 2006 kamfanin Celtel ya cire kuɗin romin tsakanin Kenya da Tanzaniya da Yuganda, a 2007 ya faɗaɗa tsarin zuwa ƙasashen da suka haɗa da Nijeriya da Nijar da Chadi. Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta a Yunin 2017. A Disamban shekarar ECOWAS ta amince da dokar da ta tanadi cewa matafiyi zai amsa kira kyauta har kwana 30 a kowace ƙasar ƙungiyar, ya kuma yi kira a farashin gari. Aiwatarwa ta yi nawa. Sai a Yunin 2023 Gana da Kwadebuwa suka fara tsakaninsu.

Kafin abin ya iso nan, siyasa ta shiga tsakani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an rufe iyaka, a ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙasashen uku sun ƙulla tasu yarjejeniyar cire kuɗin romin a Nuwamban 2024. Sakamakon shi ne mutumin Maraɗi yana da alkawarin sauƙi idan ya je Bamako, ba shi da shi idan ya zo Katsina, inda kasuwarsa da danginsa suke.

Wannan giɓi ba sai an jira ECOWAS ba kafin a cike shi. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, kuma a ƙarƙashinta aka daɗe ana maganar hanyar kasuwanci ta Kano da Katsina da Maraɗi. NCC da takwararta ta Nijar, ARCEP, suna iya zama su rage kuɗin sauke kira tsakanin ƙasashen biyu, su kuma tilasta amsa kira kyauta ga matafiyi, kamar yadda Gana ta yi da maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya. Airtel yana aiki a ɓangarorin biyu na iyakar, don haka wani sashe na kuɗin daga wannan aljihu ne zuwa wancan. Tun Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda zai ƙara yawan masu tsallakawa kullum. 'Yan majalisar tarayya masu wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi, da na Jibiya da Kaita, su ne suka fi cancanta su gabatar da wannan bukata a gaban kwamitin sadarwa na majalisa, su nemi NCC ta bayyana nawa ake biya a minti tsakanin Nijeriya da Nijar da kuma wanda ke karɓa.